Cinikin Alfadarin Hawa Mai Taƙama

Alfadari dabba ce da ba a cika ganinta ba a ƙasar Gwandu. Mutum ya iya zaga kasuwannin Jega da Aliero da Maiyama mako bayan mako, ya ga jakuna garke-garke, ya ga raƙuma da shanun huɗa, bai ci karo da alfadari ko guda ba. Saboda haka in wani manomi, a ce a Danwarai, yana da alfadarin hawa wanda ya ƙware, mai taƙama, wanda ya san hanyar ƙauye da ta fadama, sa'an nan bukata ta kama shi ya ga tilas ya sayar, to, ya shiga ciniki mai wuya. Abin da ke hannunsa yana da daraja, amma masu sanin darajar kaɗan ne. In ya yi garaje ya ja shi kara ran kasuwa ya ɗaure a turke, za a taya shi a kan kuɗin babban jaki, ya ba da wahalar shekara bakwai ko takwas a kan kuɗin fata da ƙashi.

Dalili kuwa shi ne, abin da ake saye a jikin alfadarin hawa ba ya ganuwa a turke. Sa, a dube shi a san namansa. Rago, a taɓa gadon bayansa a san kitsensa. Amma taƙama da hankali da sanin hanya, sai an hau an yi tafiya ake ganinsu.

ASALINSA

Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya. Uban jaki, uwar doki. Shi ya sa ake yi masa ba'a, wai an tambaye shi wane ne ubansa, ya ce doki ne kawunsa. Ya ɗauko girma da ƙarfi daga wajen uwa, ya ɗauko jimiri da taurin kofato da taka-tsantsan daga wajen uba. A kan kuma sami na ingarma da jaka, amma wannan ya fi wuyar samu, kuma galibi ya fi ƙanƙanta.

Ba ya haihuwa. Masana sun ƙirga sandunan gado da ke cikin ƙwayar halittar dabbobin nan, suka sami doki yana da 64, jaki 62, alfadari 63, watau adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. An taɓa samun alfadara ta haihu, kamar a Maroko a 2002 da jihar Kolorado ta Amurka a 2007, amma don tsananin mamakin abin ne har labarinsa ya zaga duniya. Kada mai sayarwa ya yi wa kowa alkawarin ɗa. A mazhabar Malikiyya kuma ba a cin namansa. Ke nan ba shi da darajar kiwo irin ta goɗiya, ba shi da darajar yanka irin ta sa. Duk kuɗinsa yana cikin aikinsa. Abin da ya rama masa wannan shi ne tsawon rai: alfadarin da aka kula da shi ya kan kai shekara 30, wani ma ya wuce, kuma ya kan yi aiki har ya haura 20.

Mutanen dā sun san shi fiye da na yanzu. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon shekarun 1820, ta zama babbar kasuwa ce saboda tana kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Ayari ya kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, har Salaga. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya gamu da irin wannan ayari na Hausawa a Kaiama a 1826, suna komowa daga Gwanja, ya kuwa rubuta cewa kayansu a kan takarkarai da alfadarai da jakuna suke. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta Ikko, sai ayari ya mutu. Mota ta zo, babur ya biyo baya. Jaki ya tsira saboda arha ne kuma yana haihuwa. Alfadari kuwa, da yake sai an haɗa shi da gangan, ya yi ta raguwa.

MENE NE TAƘAMA?

Nan ne ya kamata mai sayarwa ya tsaya ya fahimci abin da yake da shi, don wanda bai iya faɗin amfanin hajarsa ba, ba zai iya tsayawa a kan kuɗinta ba.

Dabbar hawa tana da tafiya iri-iri. Akwai tafiya ta sannu, wadda ba ta wuce kamar mil 4 a awa. Akwai sassarfa, inda ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu ke tashi tare su sauka tare, sa'an nan ɗaya ɓangaren ya karɓa. A tsakanin saukar nan biyu dabba ta kan rabu da ƙasa gaba ɗaya na ɗan ƙiftawar ido, shi ne abin da ke jijjiga mahayi har ya sauka da ciwon baya da ƙugu. Akwai sukuwa, wadda kowa ya sani, amma ba a yin doguwar tafiya da ita.

Taƙama dabam take. Ƙafar baya da ta gaba na gefe ɗaya su ke bin juna, ta baya ta sauka, ta gaba ta biyo, sa'an nan na ɗaya gefen su yi haka. Kowace ƙafa da lokacin saukarta, kuma ko yaushe akwai wadda ke ƙasa. Tun da dabbar ba ta tsalle, mahayi ba ya tsalle. Ga sauri, wajen mil 5 zuwa 8 a awa, ga daɗin zama, dabbar kuma ta iya daɗewa a kai ba ta gaji ba. Tsoho mai ciwon gwiwa ya iya wuni a kanta ya sauka ya yi sallarsa a tsaye.

Ana gane ta ainihi da kunne. A kai dabbar wurin da ƙasa ke da tauri, a saurara. In an ji bugu huɗu daidai wa daida, ba gaggawa a tsakanin biyu, to, ita ce. In kuwa bugu biyu ake ji, ƙafafun gefe ɗaya suna sauka tare kamar na raƙumi, wannan ta kan yi ta kaɗa mahayi hagu da dama, ba ta kai waccan daraja ba. Ana kuma gane ta da ido: mahayi ya riƙe kofi cike da ruwa. A kan taƙama mai kyau kaɗan zai zube. A kan sassarfa kuwa rigarsa za ta sha.

Waɗansu masu horo su kan ɗaure ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya da igiya, su yi ta kora dabbar har ta saba. Ana samun wani abu ta haka, amma wadda aka koya da igiya ta kan ɓace in dabba ta gaji ko ta canza hannu. Ta gado ita ce mai zama. A 2012 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, da suka binciki dawakin tsibirin Aisland, suka gano cewa canji a ƙwayar gado guda ɗaya ne ke ba doki ikon yin irin wannan tafiya. Alfadari galibi daga uwarsa yake samunta. Saboda haka mai sayarwa in ya san uwar, ya faɗa: goɗiyar wane ce, ta Arewa ce ko ta Azbin ko ta Barno, tana taƙama ko ba ta yi. Haka uban, ko auraki ne, ko duni, ko fari, ko idabari. Wannan ba surutun kasuwa ba ne, hujja ce.

A ƙasashen da aka riƙe alfadari da daraja, a kan wannan tafiya ake yanka kuɗinsa. A Habasha, ƙasar duwatsu, manya da sarakuna sun daɗe suna hawansa, kuma na hawa ya fi na kaya tsada nesa ba kusa ba. A Amurka, George Washington, wanda ya zama shugabansu na farko, ya sami kyautar babban jaki daga Sarkin Sifen a 1785, ya yi ta ƙarfafa manoma su haɗa alfadarai. Daga baya suka riƙa haɗa manyan jakuna da goɗiyoyin jihohin Tenesi da Misuri masu taƙama, don samun alfadarin yawon daji da hawa dutse. A garin Columbia na Tenesi har bikin alfadarai ake yi shekara-shekara. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kuma da alfadarai aka fara saukar da baƙi cikin babban kwazazzabon nan na Grand Canyon, a kan siririyar hanya mai rami a gefe, inda ba a yarda da dabba mai firgita ba. Musulmi kuma sun san Duldul, alfadarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda Muƙauƙisu na Masar ya aiko masa. Duk wanda ya ce hawan alfadari ƙasƙanci ne bai san tarihi ba.

WA ZA A SAYAR WA?

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne kai irin wannan dabba gaban wanda ba hawa yake nema ba. Mai ɗaukar yashi ko buhunan albasa ƙarfi yake saye, ba zai ƙara ko kwabo don taƙama ba, kuma cikin wata uku akumari da mangala za su ɓata bayan da aka yi shekaru ana tattalinsa. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Shekarun baya an yi ta kwasar jakuna daga kasuwannin Arewa, irin su Illela da Mai'aduwa da Maigatari, ana lodinsu zuwa Kudu don yanka, fatun kuma ana fitar da su zuwa Sin inda ake dafa su a yi wani magani. Abin ya yi yawa har shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa a Fabrairun 2024, suka amince da hana yanka jakuna don fata. Mai irin wannan saye girman jiki kawai yake aunawa. Alamarsa ita ce ba ya tambayar shekaru, ba ya duba baya, ba ya neman ya hau.

Wanda ya kamata a nema shi ne mutumin da tafiya ta zame masa tilas a inda babur ba ya jin daɗi. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san yadda take: babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta bi ta Aliero da Jega da Maiyama, amma da an sauka daga kwalta sai rairayi da rani, laka da damina, ga fadamun Gulbin Zamfara da kan cika su yanke ƙauyuka. Mai gonaki warwatse da ke son zaga su kullum, dagaci ko mai unguwa da shekaru suka fara kamawa, malamin da ke bin ƙauyuka, mai ɗori irin na Aliero da a kan kira shi cikin dare, mai sayen amfanin gona a bakin gona, waɗannan su ne kasuwar alfadarin hawa. Ba ya shan fetur, ba ya faci, hatsin da yake ci kuma bai kai na doki mai girmansa ba.

Irin waɗannan ba su cika zama a kara ba. Sai an aika musu. A sanar da dillalan dawaki, ba na jakuna ba, a gaya wa masu kula da dawakin hakimai, gama su suka san mai nema. Wayar hannu ta sauƙaƙa abin: a ɗauki hoton bidiyo daga gefe, dabbar tana taƙama a kan ƙasa mai tauri yadda za a ji bugun kofato, a ɗauki ana ɗaura sirdi, ana ɗaga ƙafa, ana ƙetare ruwa. Amma hoto kira ne kawai. Ba a cinikin biri a sama.

Game da lokaci, akwai 'yar matsala. Da kaka dabba ta fi kyan gani, ga harawa ga dusa. Amma a ƙasar Aliero kuɗi sun fi shiga hannun mutane da rani, lokacin da aka cire albasa aka sayar, kuma lokacin ne mai hankali ke tunanin abin da zai hau in ruwa ya sauka. Rani kuwa shi ne lokacin ramar dabbobi. Wanda ya yi niyyar sayarwa sai ya ɓoye harawar wake da ta gyaɗa tun da kaka, don ya fito da dabbarsa da ƙiba sa'ad da na kowa suka bushe.

SHIRI

Wata guda kafin ciniki ya isa. A ba shi maganin tsutsar ciki bisa shawarar malamin dabbobi, a cire kaska, a gyara kofato. Kofaton alfadari siriri ne, a tsaye yake, ba kamar na doki mai faɗi ba. Kada a fere shi a mai da shi na doki. A ba shi ruwa isasshe, da zafi ba ya kasa lita 20 a yini, da ɗan gishiri ko kanwa. Kada a ɗura masa dawa don ya yi ƙiba da sauri. Hatsi mai yawa farat ɗaya ya kan jawo ciwon ciki, ko zafin kofato wanda ke gurgunta dabba har abada. Kuma a ci gaba da hawansa kullum. Alfadarin da ya yi wata a turke yana ci ba aiki, ran gwaji shi zai kunyata mai shi.

In namiji ne ba a dandaƙe shi ba, mai saye mai ilmi zai rage kuɗi, kuma da gaskiyarsa. Ko da yake ba ya haihuwa, yana da halin ingarma sarai: faɗa, cizo, bin goɗiyoyi.

Mai saye zai buɗe baki, saboda haka gara mai sayarwa ya riga shi sanin abin da ke ciki. Haƙoran gaba shida ne a sama, shida a ƙasa. Na tsakiya biyu su kan fāɗi manya su fito a wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. A alfadari da jaki abin ya kan ɗan yi jinkiri kaɗan. A kan kowane sabon haƙori akwai wani baƙin rami. A haƙoran ƙasa ramin nan ya kan shafe a na tsakiya wajen shekara 6, na kusa 7, na gefe 8. Daga nan sai kintace: haƙora su yi ta tsawo, su karkata gaba, kansu ya tashi daga faɗi ya koma kamar kusurwa uku. Dabbar da ke kiwo a rairayi haƙoranta sun fi saurin cinyewa, ta kan nuna tsufan da ba ta kai ba. Akwai 'yan damfara da ke ƙona rami a haƙorin tsohuwar dabba don ta zama yarinya, amma karkatar haƙori ba ta ɓoyuwa.

Mai alfadarin hawa ba ya bukatar rage shekaru. A wannan ciniki shekara 8 zuwa 15 ita ce ganiya. Ɗan shekara 4 ƙarfi gare shi, amma bai ga kome ba tukuna. Ɗan shekara 10 ya ga maciji, ya ga babbar mota, ya ga gulbi ya kawo, ya san abin da ake yi. Shekarun nan su ake saye.

RANAR GWAJI

Kada a ɗaura sirdi kafin mai saye ya iso. A bar dabbar a sake ko a turkenta, ya ga yadda ake kama ta, yadda take karɓar ragama da linzami, yadda take tsayawa a ja bauji. Mai saye mai wayo in ya tarar an riga an shirya, dabba har ta yi gumi, zai yi zaton an gajiyar da ita ne don ta yi laushi, ko an ba ta wani abu.

Mai shi ya fara hawa, baƙo yana kallo daga gefe, da gaba, da baya. Sa'an nan baƙo ya hau. Kada a tsaya a fili a ƙofar gida. A ɗauki hanya ta sosai, kamar awa guda, wadda ke da rairayi, da gangare, da ruwa in akwai, da bakin kwalta inda manyan motoci ke wucewa. A rabu da sauran dabbobi a ga ko zai tafi shi kaɗai, gama alfadari ya kan shaƙu da abokin turkensa, musamman goɗiya, har ya ƙi motsi in ba ta. A juyo gida a ga ko zai ƙwace. Bayan an sauka a duba numfashi: na mai lafiya ya kan kwanta cikin minti 10 zuwa 15. A cire sirdi a shafa baya. Farin gashi a gadon baya tabon tsohon miki ne; ba laifi in ya warke, amma in dabbar ta lanƙwashe da an danna, akwai saura.

In ya tsaya a bakin wata laka ya ƙi shiga, kada mai shi ya ji kunya ya kai masa bulala. Doki ya kan faɗa inda aka tura shi ko da zai halaka; alfadari sai ya duba. Abin da jahili ke kira taurin kai, sau da yawa shi ne abin da mai tafiyar fadama ke biya da kuɗinsa. Amma turjiya ta banza a kan hanya mai kyau aibi ce, kada a haɗa su.

A kuma dubi girman mai sayen. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne dabbar hawa ta ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta, in ta ƙware ƙwarai zuwa ɗaya cikin huɗu, har da sirdi. Watau alfadari mai kilo 300 zai ɗauki kilo 60 zuwa 75. In ƙaton mutum ya zo saye, gara a gaya masa gaskiya tun da wuri, don in dabbar ta gaza a hannunsa, ba zai ce shi ya yi nauyi ba, cewa zai yi an cuce shi.

AIBI DA SHARI'A

Ba dabbar da ba ta da aibi. Wani ba ya son a taɓa masa kunne, galibi don wani ya taɓa murɗe shi yana ƙarami, alfadari kuwa ba ya mantuwa. Wani ya kan yi harbi in kare ya bi ta bayansa. Wani ya iya kwance igiya da haƙori. Wani ya taɓa yin sammore ya warke, ko ciwon nan na dawaki da ƙananan ƙwari ke yaɗawa da damina, wanda ya fi kashe doki a kan alfadari, ya fi kashe alfadari a kan jaki. Duk a faɗa, a gaban shaidu, ɗaya bayan ɗaya, kada a dunƙule a ce “an sayar da shi yadda yake”.

Wannan ba kirki kaɗai ba ne, tsare kai ne. A shari'a, wanda ya sayi dabba sa'an nan ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da ikon mayar da ita ya karɓi kuɗinsa. Aibin da aka nuna masa ya gani ya yarda kuwa, ba shi da magana a kai. Wanda ya ɓoye harbi, ran da dabbar ta karya ƙafar yaron mai saye, zai tsaya gaban alƙali, ga mayar da kuɗi, ga zubar da mutunci a garin da kowa ya san kowa.

Malaman Malikiyya sun kuma yarda da ciniki bisa zaɓi, watau a ba mai saye 'yan kwanaki ya gwada, ga dabba kamar kwana 3. Amma mai sayarwa ya san abu biyu. Cikin kwanakin nan dabbar tasa ce har yanzu, in ta mutu ba da sakacin mai gwaji ba, shi ya yi hasara. Kuma ba a sharɗanta biyan kuɗi kafin zaɓin ya ƙare. Haka kafin alƙalami: in ciniki ya warware, mayar da shi ake yi, ba a cinye shi. Saboda haka in ba a san mutum sosai ba, ya fi kyau ya zo ya yi gwajinsa a garin mai dabbar, kwana biyu ko uku a jere, ta riƙa kwana a turkenta. Inda abu ya rikice a tambayi malamin gari tun kafin a ƙulla, ba bayan an ɓata ba.

KUƊI DA TAKARDA

Tun da alfadari ba shi da farashin da aka sani a kasuwannin nan, mai shi ya auna da abu biyu da ke da farashi: babban jaki na aiki a ƙasa, dokin hawa mai hankali a sama. Alfadari mai taƙama wajen dokin ya kamata ya karkata, ba wajen jakin ba. Ya yanke a ransa abin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, kada ya gaya wa kowa, har dillali. In an taya ƙasa, “Albarka” ta isa, ba sai da faɗa ba. Wanda ya hau ya ji daɗi zai komo.

A yanka la'ada da dillali tun farko, a kuma san wa zai biya. Ran sallamawa mai dabba da mai saye su haɗu ido da ido, kowa ya ji kuɗin da bakin ɗan'uwansa, don kada a sayar a kan wani abu a kawo wa mai shi wani abu. In ta banki za a biya, kada a saki ragama don an nuna saƙo a waya. Ana ƙirƙirar na ƙarya. Sai mai shi ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun zauna.

A rubuta takarda, kofi biyu: sunan mai sayarwa da mai saye da garuruwansu, ranar ciniki, jinsin dabba da launinta da tabonta da shekarunta, kuɗin da aka biya, aibin da aka faɗa, da sa hannun shaidu biyu, in da hali har da mai unguwa. A zamanin da satar dabbobi ta yi yawa, mutumin da aka tare a hanya da baƙuwar dabba ba takarda ya shiga uku, kuma wurin wanda ya sayar masa za a komo. In za a fita da ita nesa, a nemi takardar malamin dabbobi.

Sirdi kuwa, in mai saye zai iya, ya saye shi tare. Bayan alfadari shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da tudun kafaɗa irin na doki, saboda haka sirdin doki ya kan zame gaba ya ci masa kafaɗa a gangare, sai an sa igiyar da ke bi ta ƙarƙashin wutsiya ta riƙe shi. Sirdin da ya riga ya zauna da bayansa, da linzamin da bakinsa ya saba da shi, sun fi sababbi masu ado. A haɗa masa da ɗan buhun abincin da ya saba ci, sabon mai shi ya riƙa gauraya shi da nasa har kwana 7 zuwa 10. A gaya masa kalmomin da ake yi masa na tashi da na tsayawa, da gefen da ake hawa.

Sabon mai shi kuma ya riƙa ba shi abinci da hannunsa, kada ya bar wa yara, kada ya fara da duka. Makon farko da na biyu a ɗaure shi da igiya mai ƙarfi, da dabaibayi in za a kai shi kiwo. Alfadarin da aka sayar daga Danwarai zuwa Jega ko Maiyama ya san hanyar gida sarai, in ya sami sake da dare, da asuba a tsohon turkensa za a same shi.